HUJI UKU A CIKIN CINDO

Shafi na 23

Jama'ar gidan nan, sannunku da haƙuri. Yalwa ta Shanga, na ga saƙonninki duka, har wanda kika ce in Cindo ya mutu a hannuna ni da ke sai a lahira. To ni dai alƙalami kawai gare ni, rai na Allah ne. Ke kuma Christiana da kika yanke wa Baffa Hammadu hukuncin mugunta tun shafin baya, ki zauna ki karanta wannan tukuna, sannan ki dawo mu daidaita.

*

Da hantsi Rachel ta iso rugar, ƙafafunta duk taɓo, jakar aikinta rataye a kafaɗa. Ita ce ma'aikaciyar lafiya ɗaya tilo a ɗakin shan maganin ƙauyensu, can bakin ruwa a ƙasar Ngaski, kuma ita ce ta raka Cindo Yelwa ranar da aka yi masa aiki.

Abin da ta fara gani bai yi mata daɗi ba. Baffa Hammadu na tsugune gaban murhu, 'yar tukunya na tafasa, a ciki akwai ƙaramar wuƙa da wani guntun gora siriri mai rami.

Duk bakin ruwan nan babu wanda bai san waɗannan kayan ba. In saniya ta ci gyauron dawa cikinta ya kumbura har ta faɗi, Baffa Hammadu ake gudu a kira. Ya laluba kwiɓinta na hagu, ya huda, ya zura goran, iska ta fito da ƙara, saniya ta miƙe tana kaɗa wutsiya. Bara ma haka ya ceci bijimin noman Yaro, mahaifin Rachel, ko goro bai yarda ya karɓa ba.

Sai dai yau babu saniyar da ke kwance. Shanu duk sun fita kiwo da ƙannen Cindo.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa bai ɗago kai ba, sannan ya ce,

"Ɗiyar Yaro, wa yak kirawo ki?"

"Wucewa nika yi, Baffa, nic ce in leƙo mai jiki."

"Hanyar asibitinku ba ta nan take ba."

Ta dubi murhun. Can ta ce, "Baffa, tukunyag ga ta wace saniya ta?"

Ya ƙara itace a wuta.

Don waɗanda suka shigo mana a tsakiya: Cindo shi ne ɗan farin Baffa Hammadu da Inna Maimuna, magidanci ne, matarsa Fatima ta haihu tana wanka a gidansu can Shanga. Ya daɗe da ƙaba a saman cibiya, in ya yi tari sai ka ga ta turo. Da wasu likitoci suka zo Yelwa daga birni da na'urarsu, aka yi masa irin aikin nan na zamani da ba a tsaga ciki. Huji uku kawai suka yi, kowanne bai fi kan yatsa ba, suka hura iska cikin ya ɗaga don su ga wurin da 'yar kyamara, suka mai da hanjin mazauninsa, suka toshe ƙofar da raga. Da ƙafarsa ya fito asibiti. Mutanen ruga suka yi ta zuwa kallo, wasu ma suka ce ai wannan ba a kira shi aiki, ko kaciya ta fi shi jini. Likita dai ta ja masa kunne a gaban mahaifinsa cewa kada ya ɗauki ko tulun ruwa sai ta ba shi izini.

Rachel ta sunkuya ta shiga bukkar. Cindo na kwance a tabarma, leɓɓansa sun bushe sun tsage, cikinsa ya tashi kamar an kifa ƙwarya. Da ya gan ta har da ƙoƙarin murmushi, wai lafiyarsa lau, iska ce kawai.

Ta ɗaga rigar. Huji biyu sun kama sumul. Na ukun, na kusa da cibiya, shi ne ya yi wani ƙullutu kamar goriba, ya yi ja, ya yi tauri. Ta ɗora yatsa a hankali. Cindo bai ce uffan ba, amma ta ga yadda ya damƙi bakin tabarma har karan ya karye.

Ta tambaye shi ko yana amai, ya ce a'a. Ko yana zagawa daji, ya ce yana zuwa. Ko ya ɗauki wani abu mai nauyi, ya kau da kai ya ce shi da ke kwance me zai ɗauka. Dauriyar Fulani abar yabo ce, ni ma ina yabonta, amma ranar nan da Rachel za ta samu dama da ta shaƙe ta.

Ta fito ta nufi bayan shingen maruƙa, inda wani tsohon suri yake. A duk rugar nan kansa kawai waya ke kamawa. Inna Maimuna na gindin surin tana wanke ƙorai, ta ba da baya, ko gaisuwar Rachel da ka ta amsa.

Wayar Rachel ta taɓa faɗawa ruwa, ba ta jin magana sai ta sa a lasifika. Ta kira likitar da ta yi wa Cindo aiki, ta ɗauka nan take, Allah Ya saka mata, kuma ba ta yi wani kame-kame ba. Ta ce bisa ga abin da Rachel ta kwatanta, hanji ne ya kutsa cikin hujin cibiya ya maƙale. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma yana faruwa, musamman in mutum ya yi yunƙuri mai ƙarfi kafin naman ciki ya haɗe. Ta ce kada a ba shi ko ruwa, a kawo shi yanzu, za ta haɗa ɗakin tiyata ta jira, wannan karon kuma wataƙila sai an buɗe cikin. Sannan ta rage murya ta ce,

"Rachel, ki riƙe wannan. Muddin yana jin ciwo, hanjin na da sauran rai. In kika ga ciwon ya ɗauke farat ɗaya ba tare da magani ba, kada ki yi murna. Ko hanjin ya mutu, ko ya fashe."

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Sai kuma ta ci gaba da wankinta.

Hanyar mota ba ta biyuwa, ruwan sama ya cinye kwalbatin da ke tsakani. Rachel ta kira Elijah mai jirgi, wanda ke bakin gaɓa yana lodin bandar kifi zuwa kasuwar Yelwa. Ya ce zai jira, amma su hanzarta, gabas ta fara haɗa hadari.

Ko da ta dawo, tukunya ba ta kan wuta. Ta faɗa bukkar ba sallama.

Baffa Hammadu na durƙushe gefen ɗansa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera wuƙar da goran a kai, ya wanke hannunsa har gwiwa.

"Baffa, don girman Allah tsaya."

"Ɗiyar Yaro, da kunnena nij ji likitarku tac ce sun hura mai iska. Iskad da sunka hura ta ba ta hita ba. Ni ban yi boko ba, amma na san kumburi."

"Wannan iskar tun ranar ta hita, Baffa. Hanji na ya maƙale."

"Kin gani da idonki?"

"A'a."

"To ni na ga nawa da idona, ba sau ɗaya ba. Saniya in ta kai haka, kahin ka kai mashaya ka dawo ta tahi. Kuma ni ba sabon huji za ni yi ba. Nasu za ni buɗe. Zare guda na."

Ina so ku dubi dattijon nan da kyau kafin ku zage shi. Tun da cikin Cindo ya fara tashi Baffa bai sa komai a bakinsa ba. Da ƙafa ya je har fadama ya zaɓo goran, ya kankare shi, ya goge bakinsa da ganye don kada ya yi kaushi, ya tafasa shi, abin da bai taɓa yi wa saniya ba. Mutum ne da al'ada ta hana shi kiran sunan ɗansa na fari, ta hana shi ce masa sannu a gaban mutane. Duk son da ya tara shekara da shekaru ba shi da inda zai zuba shi sai a abu ɗaya da hannunsa ya iya. Ni dai ban ga mugu a bukkar nan ba.

Rachel ta yi masa bayani iya iyawarta. Ta ce saniya iskarta a tumbi take taruwa, tumbin kuma na manne da fata, shi ya sa hudawa ke yi. Na mutum ba haka ba ne, abin da ke ƙarƙashin zaren nan hanji ne, in wuƙa ta taɓa shi ƙazanta za ta watsu a ciki, kuma daga nan babu likitan da zai iya kamo shi. Ta ce da iskar asibiti ce, ai tun ranar farko zai kumbura, ba sai da ya yi kwanaki yana yawo lafiya ba. Akwai dai abin da ya faru.

Baffa ya saurare ta har ta gama, don shi ba ya katse mutum. Sannan ya juya wajen ɗansa, idonsa a kan bango, ya ce,

"Kai. Ka ɗauki wani abu?"

"A'a, Baffa."

"Kana amai?"

"A'a."

"To kin ji."

Ya yi bisimilla, ya ɗauki wuƙar, ya kai hannu ga zaren hujin cibiya.

Rachel ba ta san lokacin da ta zube ta kifa tafin hannunta a kan ƙullutun ba. Ba a yi mata tarbiyyar ja da manya ba, balle wannan da ya ɗauke ta tana cikin zanen goyo.

"Baffa, sai dai ka hwara huda hannuna."

"Na ga ranar haihuwarki, ɗiyar Yaro. Ɗauke hannunki."

"Ba ni ɗaukewa."

Sai hasken ƙofa ya dushe. Wani ya tsaya a bakin bukkar.

Inna Maimuna ce.

Wanda bai zauna da mutanen ruga ba, ba zai gane nauyin wannan tsayuwar ba. Tun ranar da ta haifi Cindo ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, sai da ta rasu ya dawo. In zai yi wa Inna magana, gefe take kallo ta amsa wa iska. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Bukkarsa kuwa ko inuwarta ba ta takawa, fura ma a bakin ƙofa take ajiyewa ta wuce. Ranar da aka tafi da shi Yelwa ba ta tambayi kowa komai ba, mata har yabonta suka yi, suka ce kunya ta ƙare a kan Maimuna.

Yau ga ta ta sunkuyo ta shigo har tsakiya.

Ba ta dubi mai jinyar ba. Mijinta ta duba, ta yi magana a hankali kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Ƙarya shika yi. Ya ɗauki abu."

Cindo ya rufe ido.

Ta ce ranar da ta je wanki bakin ruwa tana bayan ciyayi, jar maraƙar nan ta faɗa laka har wuya. Babu kowa kusa. Ta ga wancan ya waiga hagu da dama, ya shiga, ya rungumo maraƙar a ƙirji ya fito da ita. Da ya dire ta sai ya duƙe ya dafe cibiya, ya daɗe bai miƙe ba. Tun daga ranar bai ƙara zagawa daji ba, ita ta sani, don butarsa na nan inda take, ruwan ciki ko raguwa bai yi ba. Furar da take ajiye masa kare yake zuba wa. Kullum da safe in tana shara bayan bukkarsa tana tarar da wuraren da ya rufe da ƙasa, ta tona da ƙafa ta gani, amai ne kore shar kamar gansakuka.

Ashe matar da ba ta kallonsa ita ce ba ta taɓa ɗauke ido daga kansa ba.

"Kuma ni nik kirawo ta," in ji Inna. "Da nit tai kai nono, nib biya asibitinsu."

Baffa Hammadu ya kau da kai. Sannan ya tambayi bango me ya sa aka ɓoye masa.

Hawaye ya gangaro wa Cindo ta gefen ido har cikin kunne.

"Maraƙad da kac ce ta jinjiri ta, Baffa. Da nit tsaya kiran mutane da ta nutse. Kuma a gabanka likita tag gargaɗe ni. Kunya nij ji."

Jar maraƙar nan ita Baffa ya ware wa jikansa sabon haihuwa, ita ce za ta zama tushen garkensa. Duk rugar an san da haka.

Rachel ta ce to ga shi an ji, koren amai alamar hanji ya toshe ne, jirgin Elijah na jira. Amma wuƙar na hannun Baffa har yanzu. Ya leƙa ta ƙofa ya dubi gabas, ta yi baƙi ƙirin.

"Hadari ya taso. Yelwa da nisa. In yam mutu cikin ruwa hwa?"

"In yam mutu cikin ruwa, Allah yak karɓi abinai," in ji Inna. "In yam mutu nan, hannunka na. Ni ba ni iya zama da kai bayan haka, kai ma ba ka iya zama da kanka."

Ta matso, ta durƙusa gaban mijinta, ta miƙa hannu biyu.

"Cindo ɗana na. Ba ni wuƙag ga."

Sunan ya fito bakinta wani iri, kamar kalmar da ba ta taɓa koya ba. Cindo ya buɗe ido yana kallonta, ita ma karon farko ta juyo ta dube shi sosai, ido cikin ido, ba ta kau da kai ba. Wallahi ina rubuta wurin nan sai da na ajiye waya na share fuska.

Baffa Hammadu bai ba ta wuƙar ba. Miƙewa ya yi ya soke ta a jinkar bukka, can sama inda hannu ba ya kai wa da sauƙi. Ya ɗauki goran da ya sha wahalar gyarawa, ya karya shi biyu, ya jefar waje. Mutum ya bar abin da ya sani ya bi abin da bai sani ba saboda ɗansa, wannan ba ƙaramin namiji ke yinsa ba.

Rachel ta ce bari ta kira mutane a ɗauke shi da tabarma. Baffa ya ce babu lokaci. Ya sunkuya ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin wuyan Cindo, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya tallabe shi. Rabonsa da ɗaukar yaron nan tun ranar suna, shi ma a ɓoye. Haka ya gangara da shi har bakin gaɓa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, bai tsaya hutawa ba, bai kuma yarda kowa ya kama masa ba.

Elijah na hango su ya fahimci abin ya wuce yadda ya zata. Ya hau sauke kwandunan kifin da ya gama lodi, yana jibge su a kan yashi. Matan da suka ba shi kayan suka fara magana, ya ce jirgi mai nauyi ba ya gudu, in ruwa ya jiƙa kifi a shanya shi gobe. Da suka ga wanda aka ɗauko, su da kansu suka kama masa saukewa, wata har ta cire mayafinta ta shimfiɗa a cikin jirgin.

Inna Maimuna, wadda duk zamanta a bakin ruwan nan ba ta taɓa yarda ta taka jirgi ba saboda tsoro, ita ta fara shiga. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ce a ɗora mata kansa a cinya.

Elijah ya ja igiyar inji, suka ɗauki hanya.

Tafiya ta yi tafiya. Iska ta taso, ruwa ya fara dukan gefen jirgi yana fantsamo musu. Duk sanda jirgin ya daki igiyar ruwa sai Cindo ya yi nishi ya cije leɓe, yanzu kam ya daina ɓoyewa. Rachel na riƙe da wuyan hannunsa, kowane nishi ya yi sai ta gode wa Allah a zuciyarta. Inna ta kare masa fuska da gefen zanenta. Baffa na zaune can gaba ya ba su baya, carbi na gudu a hannunsa.

Sun wuce tsibiran tsakiya, an fara hango dogayen ƙarafan waya na Yelwa can nesa kamar tsinke, sai nishin ya tsaya.

Cindo ya buɗe ido. Fuskarsa ta saki. Ya ja dogon numfashi, har da murmushi.

"Inna."

"Na'am."

Bai taɓa jin wannan amsar daga bakinta ba. Ya ƙara murmusawa.

"Ciwon ya ɗauke. Ba ni jin komi yanzu."

Baffa Hammadu ya juyo da sauri. Ya ɗaga hannu biyu sama yana ta hamdala, har da 'yar dariya, yana cewa Allah Ya dubi wahalarsu, tun ba a kai ba sauƙi ya zo.

Rachel ta ƙara danna wuyan hannun Cindo. Jijiyar da ke ƙarƙashin yatsunta gudu take yi siriri, hannun ya yi sanyi, wani gumi ya feso wa Cindo a goshi duk da iskar da ake yi. Ta ɗago kai, suka haɗa ido da Inna. Matar da ke wanke ƙorai a gindin suri ta ji komai, kuma ba ta manta ko kalma ɗaya ba.

Inna ta waiga wajen mai jirgi.

"Ɗana, injin ga ba shi da sauran gudu?"

"Inna, iyakatai ke nan."

Ta sunkuya har bakinta ya kusa taɓa kunnen ɗanta, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu.

"Cindo. Kada ka yi kwana. Cindo, dube ni."

Hannuwan Baffa na sama har yanzu. Ya dubi matarsa, ya dubi yadda take ta maimaita sunan da ta yi shekaru tana ɓoyo, a gaban bare, ba ta ko damu ba. Dariyar ta bar fuskarsa. A hankali ya sauke hannuwan.

"Ɗiyar Yaro," ya ce, "mi likita tac ce miki?"